Kira Uku da Darwati Ta Ɓoye wa Ƙanwarta

Darwati ce ta yi wannan aika-aika. Darwati 'yar Mbok Ngatemi, ta gidan batik, wato zanen kaki, da ke bayan kasuwar Lasem a tsibirin Jawa, mai tafiya wuya a sanƙare kamar ta haɗiyi taɓarya. Kada wani ya zo yana cewa ƙaddara ce, ko wai wata ne bai yi kyau ba. Ƙaddara ba ta ɗaga waya. Darwati ce ta ɗaga, har sau uku, kuma duk ukun ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya ta cuta.

Ƙanwar ita ce Kasmirah, Mirah ake ce mata. Shekararta talatin da huɗu. Ƙashin bayanta ya karkace tun tana budurwa, kafaɗar dama ta hau sama, haƙarƙari ya turo ta baya, ƙugu ya noƙe ta hagu. In ta tsaya kusa da yayarta, da ƙyar kanta ke kai mata kafaɗa. Amma bari ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno a bayan gida, ta rataye farin yadi a gabanta, ta tsoma canting, ɗan alƙalamin tagulla na zane, a kaskon kaki mai zafi, ta hura bakinsa ta ɗora. Duk unguwar babu hannun da ya kama ƙafar nata. Layinta siriri kamar gashi, ba ya rawa, ba ya ɗiga. In ta zana tsuntsu, sai ka sassauta murya kada ya tashi.

Darwati kuwa ita ce ta gaban gida. Ita ke shago, ita ke ɗaura zanen Mirah ta tsaya santal gaban baƙi, ita ke cewa "mun gode" in an yaba. Ita ma an taɓa ɗora ta a kan aikin suna yara, kakin ya yi ta zuba mata a cinya, sai uwar ta zare canting ɗin daga hannunta ta miƙa wa ƙaramar. Iyakar abin ke nan, amma shi take taunawa har yau.

Wata Asabar wata dattijuwa ta zo daga Jakarta, Bu Sundari, wato Uwargida Sundari, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai son kayan hannu. Ta ɗaga wani jan zane ta duba shi a hasken ƙofa, ta juya bayansa, ta sake juyowa.

"Wa ya zana wannan?"

Darwati ta gyara tsayuwa. "Aikin gidanmu ne, Bu."

"Na san na gidanku ne. Hannun wa?"

"To, mu ne dai muke fama da shi."

"Mu ga yatsunki."

Darwati ta miƙa hannu kafin ta yi tunani. Yatsu sumul, farce ya sha jan fenti, ko tabon ƙuna ɗaya babu. Dattijuwar ta yi 'yar dariya, ta ajiye zanen, ta bi warin kaki har bayan gida.

Awa guda ta yi zaune a ƙasa kusa da Mirah. Da farko hannun take kallo, daga baya sai ta koma kallon ƙirjin. Ta lura duk layi biyu sai Mirah ta ajiye canting ta buɗe baki ta ja iska.

"Tun yaushe kike haki haka?"

"Hayaƙin kaki ne, Bu."

"Ba hayaƙi ba ne. Shekara talatin na yi a asibiti, na san hakin hayaƙi. Kina da katin inshorar gwamnati?"

"Akwai shi."

"To ki je ƙaramin asibitinku su rubuta miki takarda zuwa Semarang, likitan ƙashi ya gan ki. Hannu irin wannan ba a barin mai shi ta shaƙe."

Duk wannan Darwati na tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi. Ba wanda ya ɗago ya kalle ta. Shayin ya huce a hannunta, ta juya ta watsa shi a kwata.

Bayan sati uku suka tafi Semarang. Darwati ce ta raka ta, don ita ce babba, ta ci ado kamar za ta gidan biki. Aka ɗauki hoton ƙashin, aka ba Mirah wani bututu ta hura har idonta ya yi ja. Likitan, wani mai furfura a goshi, ya maƙala hoton a jikin fitila. Mirah ba ta taɓa ganin cikin kanta ba sai ranar. Ta ga abin da take ɗauke da shi shekara ashirin, lanƙwashe kamar macijin da aka taka.

Likita ya ce, "Nan ya kamata ya tafi sambal, sai ya yi dama, ya dawo hagu. Karkacewar ta kai digiri tamanin da biyu. Ba ciwon ne ya fi damuna ba, huhunki ne. Haƙarƙarin yana matse shi, kuma ƙaruwa yake yi."

"To me za a yi, likita?"

"Aiki. A buɗe bayan tun daga wuya har ƙugu, a sa ƙarafa biyu da kusoshi, a miƙar da abin da zai miƙu. Ba zan ɓoye miki ba, babban aiki ne. Akwai masu farkawa ƙafa ba ta motsi. Ba su da yawa, amma akwai su. Kuma bayan aikin ba za ki ƙara sunkuyawa yadda kika saba ba."

"In ban yi ba fa?"

"Numfashin zai yi ta raguwa. Akwai inda in ya kai, ni ma ba zan yarda in sa miki wuƙa ba. Yanzu dai huhun zai iya ɗauka."

Darwati ta yi gyaran murya. "Likita, mu fa haka muka san ta tun tana yarinya, kuma ga ta nan tana cin abincinta."

Ko juyowa bai yi ba. "Da mai bayan nake magana, Bu." Sannan ya yi wa Mirah murmushi. "In an dace, har tsawo za ki ƙara. Kamar yatsu huɗu."

A waje ma'aikaciyar jinya ta zaunar da su. Ta ce masu jira suna da yawa, masu aikin kaɗan ne, don haka gara a sa sunanta a layi tun yanzu, ta je gida ta yi tunani. In layi ya zo kanta za a kira a ba ta rana.

"Lambar wa za mu riƙa kira?"

Mirah na da 'yar wayarta. Har ta buɗe baki za ta karanto lambar, sai ta ji idon yayarta a gefen fuskarta. A gidan Mbok Ngatemi ƙarami ba ya shiga gaban babba, ko a ɗiban shinkafa, balle a maganar rai da mutuwa. Ta sunkuyar da kai.

"Sa ta yayata, Yu Dar. Ita ce babba."

Nan ta yi kuskuren, kuma ladabi ne ya sa ta yi shi.

Da suka dawo gida uwar ta ji bayani, sai ta dafe ƙirji. "A tsaga ki kamar kifi? Haba, Nduk, 'yata. Allah da ya yi ki haka bai san miƙaƙƙe ba ne?"

"Mbok, numfashi nake nema."

"Ai kina yi. Ga shi kina magana."

Mirah ma tsoron take ji. Kwana da kwanaki tana juya maganar. In ta kalli ƙafafunta sai ta motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana tunanin ranar da za ta ce su motsa su ƙi. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne sunkuyawar. Duk mai zanen kaki a ƙasa take zama, ta duƙa a kan yadi. In aka sa mata ƙarfe ta kasa duƙawa, ita wace ce kuma?

Sai ta gwada. Ta samo tsagin gora ta sa aka ɗaure mata shi a baya da ɗankwali biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, yadda ko ta so sunkuyawa ba hali. Ta jawo doguwar kujerar cin abinci, ta ɗora maratayin yadin a kan bulo huɗu, ta ɗaga rishon da kaskon kan benci. Ranar farko kakin ya ɗige mata sau uku, abin da rabonta da shi tun tana 'yar goma sha biyu. Rana ta biyu sau ɗaya. Rana ta biyar ta zana reshen fure tun daga wannan baki har wancan, ba ɗigo ko ɗaya.

Matan da ke zuwa taya cike kaki suka sa shewa. Lik Sarinten, tsohuwa mai haƙori biyu da baki kamar reza, ta tafa hannu.

"Kai! Ku ga sarauniya a kan karaga! Ke Mirah, in an miƙe ki wallahi sai kin fi Dar tsawo."

"Haba, Lik, yatsu huɗu fa aka ce."

"Yatsu huɗun wa? In na mai saran kwakwa ne, ai kin wuce ta. Daga nan sai ki riƙa ɗaura abinki da kanki, mai zane da zanenta. Zawarawan Lasem kuma su yi layi har bakin gada, mu samu na cin goro."

"Ke da haƙori biyu, Lik, da me za ki tauna?"

Aka kwashe da dariya har Mirah ta sarƙe da tari. Da yamma ta sami uwarta a kicin ta ce, "Mbok, na yanke. Zan yi." Uwar ta ci gaba da soya tempe, wainar waken soya, hawaye na sauka. Darwati na zaune tana tsinke wake. Sai ta riƙa karya waken da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi.

Daga ranar unguwa ba ta da zance sai na Mirah. Mai kawo kaki ya tambayi ranar tafiya. Matar liman ta aiko da zuma. Masu shigowa shago su wuce Darwati da adonta, su leƙa baya su ce, "Ya mai jiki? An kira kuwa?" Bu Sundari ta bugo daga Jakarta, a wayar shago, gaisuwa ɗaya ta yi wa Darwati ta ce a ba ta Mirah.

Kwana biyu bayan haka doguwar kujerar ta ɓace daga bayan gida. Mirah ta same ta a shago, an ɗora mata matashi.

"Yu, kujerata fa?"

"Kujerarki? Da sunanki a jiki? Baƙi su zauna a ƙasa don kina wasan 'yar sarki? Koma kan 'yar tsugunnonki, ba a yi aikin ba tukuna."

Ta koma. Wata ɗaya, wata biyu. Duk safiya in ta kai wa yayarta shayi sai ta ɗan tsaya.

"Yu, ba su kira ba?"

"Da sun kira ai da kin ji."

Aka shiga Suro, watan Muharram da ake camfawa a Jawa, aka fita. Damina ta kawo kai. Ciwon da a da yake tsayawa a ƙugu ya fara sauka cinyar hagu, kamar ana ja mata zare mai zafi. Ta daina ruku'u, ta koma salla a zaune. Tsakanin gida da masallaci bai kai taku ɗari ba, sai ga shi tana tsayawa a hanya ta dafa katanga kamar mai duba wani abu a ƙasa, don kada a gane. Abinci ma in ta ci ya kai cokali goma sai ta ji ƙirjin ya cika, ba wurin iska.

"Yu, ko dai mu kira su mu ji?"

"Ki kira su ki ce me? Ke kaɗai ce mai baya a Jawa? Mutanen nan ba sa son naci, in kin dame su ƙasa za su mai da sunanki."

"Na ga wata biyar ke nan."

"Kin fara ƙirga mini kwana ke nan? To zo ki karɓi wayar ki bincika, tunda ɓarauniya ce yayarki."

Ta miƙo wayar. Ta san Mirah ba za ta karɓa ba. Wace ƙanwa ce za ta binciki wayar yayarta a gaban uwarsu? Mirah ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yu," ta koma bakin kasko.

Aikin kuwa ba a rage mata ba, ƙari aka yi. Darwati ta karɓo zanen biki har na gida uku. Ta ce ai gara a yi su yanzu, wa ya san yadda hannun zai dawo bayan an tsaga mutum. Haka take faɗa, a gaban mai hannun. In baƙi suka tambayi Mirah, sai ta ce tana barci. In Bu Sundari ta bugo, sai ta ce ta fita. Mirah na can baya a duƙe, hayaƙi na shiga mata hanci, tana zana wa wasu furannin aure, layi ɗaya hutu ɗaya.

Wata rana ta sami uwarta ita kaɗai. "Mbok, ke ba ki ji komai ba?"

Tsohuwar ta kau da kai, ta hau kakkaɓe tabarmar da ba ta da ƙura. "Komai da lokacinsa, Nduk. Yayarki ta san abin da take yi."

Lik Sarinten ce ta kasa haƙuri. Ranar da ta ga leɓen Mirah ya yi duhu bayan ta ɗauko bokiti rabi daga rijiya, ta ƙwace bokitin ta dangwarar.

"Ke, wata nawa yanzu?"

"Sha ɗaya, Lik."

"Sha ɗaya! Ko ciki ne ai an yi suna. Ƙafarki aka ɗaure? Motar Semarang ta daina tsayawa a bakin titi ne?"

"Yu Dar za ta ji haushi."

"Ta ji mana. Haushi yana hana numfashi ne?"

Washegari bayan sallar asuba Mirah ta saka takardunta a jaka ta fita, ba ta gaya wa kowa ba. Awa huɗu a mota, kowane rami sai ta ji shi har cikin haƙori. A asibitin ta yi layi har azahar kafin ta kai gaban tebur. Ma'aikaciyar ta buga sunan a na'ura, ta duba, ta ɗago ta kalle ta.

"Kasmirah ta Lasem? Ai ke kin fasa."

"Na fasa me?"

"Aikin. Ga shi a rubuce." Ta bi layin da yatsa. "Mun kira mun ba ki rana a watan bakwai. Yayarki ta ce ta faɗa cikin Suro, iyali ba sa yarda a zub da jini a watan. Muka ɗaga, don ba ku ne na farko da kuka kawo mana wannan ba. Muka sake ba da wata rana, ta ce Talata Wage ce a lissafin gargajiya, irin ranar da mahaifinku ya rasu, ba ku yin babban abu a cikinta. Muka sake ɗagawa. A kira na uku ta ce mai ciwon da kanta ta ce ba ta so, tsoro take ji, a ba wani gadon. To sai muka cire sunanki. Wata biyar ke nan."

Mirah ta dafa teburin da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Kuka ma iska yake ci.

"Ban fasa ba," ta ce. "Ban taɓa sanin kun kira ba."

Matar ta tashi da kanta ta shiga ciki. Aka sake ɗaukar hoto, aka sake kawo bututun. Mirah ta hura iyakar ƙarfinta, aka ce ta sake, ta sake. Likitan ya jera sabuwar takarda kusa da tsohuwa, ya cire tabarau ya murza ido.

"Tasa'in da ɗaya. Huhun kuma ya sauka sosai. Da kin zo a watan bakwai, da yanzu kina gida kina koyon tafiya."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba zan shiga kai tsaye ba. Sai an kwantar da ke sati shida ko takwas, a ɗaura miki ƙarfe a kai da nauyi yana ja, mu ga ko ƙirjin zai buɗe. In ya buɗe, mu yi. In bai buɗe ba, ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba. Kuma layin sabo ne. Zan rubuta a gaggauta, amma gadon da aka ba wani ba zan iya tashinsa ba."

Aka kawo takarda. Wannan karon da aka tambayi lamba, tata ta bayar.

Ta kwana a gidan wata 'yar'uwar Lik Sarinten, ta iso Lasem washegari da la'asar. Darwati na shago tana ninke zane, uwar na kan benci, matan aiki na baya suna kashe risho. Mirah ta ajiye takardar asibitin a kan zanen.

"Sau uku, Yu."

Darwati ta kalli takardar, ba ta taɓa ta ba. "Daga ina kike? Mace ta fice ba sallama ta kwana a waje, ta dawo tana zare wa mutane ido?"

"Sau uku suka kira."

"To sai me? A Suro kike so a yanka ki? Tambayi Mbok, da saninta na ɗaga. Ko kaciya ba a yi a Suro, balle a buɗe mutum. Ranar rasuwar Baba kuma, in ke ba ki san darajarta ba, mu mun sani."

Uwar ta ce, "Don ke muka yi, Nduk. Da an yi a ranar, wani abu ya faru, me za mu ce wa mutane?"

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Kada hankalinki ya tashi."

"Na ukun fa, Mbok? Wace rana ce ita kuma? Wa ya mutu a cikinta?"

Tsohuwar ta juya ta kalli babbar 'yarta. "Wane na uku?"

"Ta ce musu na fasa. Ta ce a ba wani gadona."

Matan aiki sun riga sun taru a bakin ƙofar baya. Darwati ta ga idanu a kanta, ta fara kame-kame. Wai ita ta ga Mirah na motsa yatsun ƙafa tana hawaye, ta san tsoro take ji. Wai in ta dawo a gurguje wa zai yi ta ɗauka, ba ita ba? Wai likitocin nan gwaji suke nema a jikin talaka.

Lik Sarinten ta ce daga ƙofa, "Ke Dar, ji tsoron Allah. Yarinyar da ta ɗaura gora a baya kwana biyar, ita ce mai fasawa?"

Nan abin da ke cikin Darwati ya fashe. Ta yi jifa da zanen.

"Eh, na faɗa! Na ce ta fasa! Shekara ashirin duk wanda ya shigo gidan nan, ina Mirah, ya jikin Mirah. Cinyar kaza ta Mirah, katifa mai laushi ta Mirah. Ranar da nake naƙudar ɗana na fari, Mbok na can tana gasa mata baya! Ni wa ya taɓa tambayata ya nawa jikin? Hannu nata, yabo nata, tausayi nata. Abu ɗaya tak Allah ya bar mini, in tsaya a miƙe zane ya zauna a jikina. Shi ma sai ta karɓe? Ta miƙe, ta zana, ta ɗaura, ni kuma in zama me a gidan nan? Mai kawo shayi?"

Ana jin numfashin Mirah, shiga da fita, kamar ana zuga wuta da tsohon mafici.

"Ni ba zanen nake so ba, Yu," ta ce. "Iska nake so."

To ku saurari abin da ya biyo baya, don shi ya fi komai ciwo. Mbok Ngatemi ta tashi ta rufe ƙofar shago, ta sallami matan aiki, amma bangon gora ba ya riƙe magana. Ba ta mari Darwati ba. Ba ta ce mata ko kanzil ba. Sai ta juya wa Mirah.

"Ya isa haka. Abin da ya faru ya faru, kada ku tara mini unguwa. Yayarki ce, ko me ta yi. Kin fita ba izininta, kin dawo kin tsitsiye ta gaban 'yan aiki har kin sa ta kuka. Ba ta haƙuri."

"Mbok?"

"Na ce ba ta haƙuri, in dai ni na haife ki."

Kuma ta bayar. Wallahi ta bayar. Ta matsa da karkataccen bayan nan nata, ta kama hannun yayarta ta kai goshi, ta ce, "Ki yafe mini, Yu." Ita kuwa Darwati ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Na yafe."

Ta yafe! Ku ji fa.

Yau wata biyu ke nan. Mirah na nan a bayan gida, wayarta a ƙulle a bakin zane, ko wanka za ta shiga da ita take shiga. Ba a kira ba tukuna. Yadin da take gamawa a sati uku, yanzu sai ya ci wata biyu. Uwar na cewa haƙuri, komai nufin Allah ne. Mijin Darwati na cewa shi ba ya shiga maganar mata. Maƙwabta na cewa sha'anin cikin gida ne, a rufa. Darwati kuwa ta sake fentin farce.

To ba za a rufa ba. Watan Suro bai ce a yi ƙarya ba, mamacin da aka fake da ranarsa bai aiko a cire sunan 'yarsa ba. Ranar Alhamis akwai karatun mata a gidan mai unguwa, kuma Darwati a sahun gaba take zama, ita ke jan salati. Kada a buɗe littafi ranar. Kada a raba ko ƙwayar gyaɗa. Mai unguwa ya fito ya zauna, a kira Mbok Ngatemi ita ma, don shirunta ba ƙaramin hannu ba ne. Darwati ta tashi a gaban kowa ta maimaita abin da ta gaya wa asibiti a kira na uku, kalma bayan kalma, ƙanwarta na zaune tana ji. Sannan ta amsa mana tambaya ɗaya: in ƙirjin nan ya ƙi buɗewa, in likita ya ce an makara, wa zai ɗauki alhakin? Ta ba mu amsa, da bakinta, ran Alhamis.